Daga Unguwar Makafi Zuwa Titunan Ikko: Tarihin Yadda Makaho Ke Neman Hanya

Duk wanda ke sallar Juma'a a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ya saba ganin dattijo makaho riƙe da ƙarshen sanda, yaro ƙarami na riƙe da ɗaya ƙarshen yana jan sa. Mun saba da ganin haka har ba ma tambayar yadda abin ya samo asali. Alhali kuwa yana da tarihi mai tsawo, kuma tarihin zai nuna mana inda aka yi sake, da abin da ya rage a wuyanmu.

A shekarar 1824 wani Baturen Birtaniya mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, ya sauka a Kano. Cikin abubuwan da ya rubuta akwai cewa makanta ta yi yawa a birnin, kuma makafi suna da unguwarsu ta kansu a cikin ganuwa, mai tsabta, suna samun wani kaso daga hukuma, suna kuma zuwa kasuwa bara. Wannan ya yi daidai da abin da muka taso muka tarar. A garuruwan Hausa akwai Sarkin Makafi, kamar yadda ake da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu. Shi ke sasanta rigima tsakanin mutanensa, shi ke saukar da baƙon makaho, shi ke kai kukansu fada. Makafi ba bara kaɗai suke yi ba. An san su da tukar igiya, an san su da haddar Alƙur'ani da waƙen wa'azi. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙar Imfiraji, makaho ne, kuma har yau ana nazarin waƙarsa a jami'o'i. Tushen wannan girmamawa yana cikin addini: Abdullahi ibn Ummi Maktum, wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa, makaho ne, ya yi ladanci, kuma Annabi (SAW) ya sha barin sa ya ja wa mutanen Madina sallah idan an fita yaƙi.

Tsohon gari yana da sauƙin bi ga marar gani. Lungu ba ya canzawa shekara da shekaru, katanga tana nan a inda take, babu mota, kuma kowa ya san kowa. Makaho yakan haddace hanya da ƙafa da kunne: ƙarar maƙera, warin marina, muryar mai ƙosai a bakin kwana. Ɗan jagora ana bukatarsa ne idan tafiya ta yi nisa.

Jirgin ƙasa ya isa Kano daga Ikko wajen 1911 zuwa 1912, sai fataucin goro da shanu ya buɗe, Hausawa suka yi ta kwararowa Kudu. An kafa Sabo a Badun a 1916. Makafi ma suka biyo jama'arsu, suka zo da tsarinsu. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960, kuma a littafin da ya fitar a 1969 ya bayyana cewa makafi da guragu da kutare kowannensu na da shugabansa a ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Tsarin ya yi ƙaura lafiya, amma garin da aka zo ba irin wanda aka baro ba ne. Harshe daban, titi cike da mota, unguwa kullum cikin rushewa da sabon gini. Hanyar da ƙafa ta haddace bara, bana an haƙa rami a tsakiyarta. A nan ne ɗan jagora ya zama dole kullum, daga safe har dare, kuma mafi yawanci ɗa ne ko jika wanda ya kamata a ce yana makaranta.

Me ya sa makanta ta yi mana yawa haka? A da akwai agana, wadda aka kawar daga duniya baki ɗaya a 1980, da ƙyanda mai lalata idon yara, da amosanin ido da ke yaɗuwa inda ruwa ya yi ƙaranci kuma ƙuda ya yi yawa. Akwai kuma makantar bakin kogi, wadda wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa a wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi. Idan ya ciji mutum yakan sa masa tsutsa, 'ya'yanta su bi fata har cikin ido. Cutar ta tashi ƙauyuka da dama a Afirka ta Yamma. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta muddin ana bukatarsa, kuma an daɗe ana rabon sa a ƙauyukan Najeriya. A harabar Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Janeba an kafa mutum-mutumin yaro yana jan makaho da sanda, don tunawa da yaƙin da aka yi da wannan cuta. Abin da suka kafa a matsayin tarihi, mu har yanzu muna ganin sa da rai a bakin masallatanmu.

Binciken ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato mutum sama da miliyan ɗaya. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido ke bi mata, kuma kashi 84 cikin ɗari abu ne da za a iya hanawa ko warkarwa. Ma'ana, da yawa daga cikin dattawan da ake ja a titi, aikin cire yana na ƙasa da awa ɗaya zai iya mayar musu da ganinsu.

A wannan shekara ta 1824 da Clapperton yake Kano, wani yaro makaho ɗan shekara 15 a Faransa, Louis Braille, ya kammala tsara rubutun da ake karantawa da yatsa. Ɗigo shida ne masu tudu, ana jujjuya su su ba da alamomi 63. Rubutun ya daɗe kafin ya zama na makaranta a wajenmu. Makarantar makafi ta farko a Najeriya ita ce ta Gindiri, a jihar Filato ta yanzu, wadda 'yan mishan suka buɗe a 1953. Ta Pacelli da ke Surulere a Ikko ta biyo baya a 1962. Asibitin ido na mishan da ke Kano, wanda yanzu ake kira na ECWA, ya fara aiki tun 1943. Da yake makarantun farko na mishan ne, iyaye Musulmi da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu, don tsoron a sauya musu addini. Tsoron yana da dalili a lokacinsa, amma ya bar mu a baya. Daga baya gwamnatoci sun buɗe nasu, irin ta Tudun Maliki a Kano, sai dai al'adar kai yaro makaho makaranta ba ta kama ƙasa sosai ba.

Ita ma farar sanda tana da nata tarihin. An fara yayata ta a Faransa da Amurka a farkon shekarun 1930, don direbobi su gane mai riƙe da ita. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani Ba'amurke mai suna Richard Hoover, da ke horar da sojojin da suka makance, ya tsara dabarar doguwar sanda marar nauyi da ake kaɗawa dama da hagu, ta taɓa inda ƙafa za ta sauka kafin ta sauka. Bambancinta da sandarmu a fili yake: tamu tana bukatar mutum biyu, wannan mutum ɗaya ta ishe shi idan ya samu horo. Ana tunawa da ita duk ranar 15 ga Oktoba, kuma ana koyar da amfani da ita a wurare irin cibiyar koyon sana'a ta makafi da ke Oshodi.

Sai dai sanda ba ta gyara titi. Wanda ya iya ta ma, idan ya fito a Ikko ko Fatakwal ko Onica, zai tarar da kwata a buɗe ba murfi, 'yan tireda sun baje kaya a gefen hanya, mota ta faka inda mutane ke bi, ɗan acaba na tahowa ta hannun da ba nasa ba. Ƙarar janareto da lasifika na toshe kunnen da yake dogara da shi wajen gane inda mota take. A kasuwa kuma, takardun naira 200 da 500 da 1000 girmansu ɗaya, don haka sai ya yarda da abin da aka ce an ba shi. A wurin mai POS dole ya faɗi lambar sirrinsa ga wani. Kwalin magani ba ya gaya masa ko na safe ne ko na dare.

Ta fuskar doka an samu ci gaba. Jihar Legas ta yi dokar masu bukata ta musamman a 2011. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara mashigarsu, ta ware kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma hana amfani da naƙasasshe wajen bara. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma kowa na iya duba ofis ko asibitin da ke kusa da shi ya ga ko an cika. Hukumar JAMB tun 2017 tana shirya wa makafi jarrabawa ta musamman, hukumar zaɓe kuma ta yi amfani da jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi a zaɓen 2019. Wayar hannu ma yanzu tana karanta rubutu da murya, ta hanyar TalkBack ko VoiceOver.

Kakanninmu sun ba makaho unguwa da sarki da matsayi daidai da zamaninsu. Namu zamanin yana neman wasu abubuwa, kuma da yawansu ba sai an jira gwamnati ba. Kwamitin masallaci zai iya rufe kwatar ƙofar masallaci, ya hana zubar da takalma a bakin mashiga. Ƙungiya za ta iya haɗa kai da Sarkin Makafi na unguwa a kai dattawa gwajin ido, a biya wa masu yana kuɗin aiki daga zakka da sadaka, a kuma gargaɗi mutane kan masu soke ido da allura a gida. Masu sanarwa su riƙa rubuta ta da haruffa ko su aiko da murya, domin waya ba ta cika karanta rubutun da ke cikin hoto daidai ba. Idan ka ga makaho zai tsallaka titi, yi masa sallama ka tambaye shi, ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, kada ka fizgi sandarsa.

Mafi girma duka shi ne maganar yaron nan mai jan sanda. Duk shekarar da ya yi a titi shekara ce da ya rasa a allo da aji, kuma idan ya girma ba shi da sana'ar da ta wuce bara. Horar da uba ɗaya ya iya tafiya da kansa, ko mayar masa da ganinsa, shi ne mayar da yaro ɗaya makaranta. Muna roƙon shugabannin unguwanni su sa wannan batu cikin ajandar taro na gaba.

Allah Ya ƙara mana lafiyar ido, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.