Da'irar Duwatsu da Dutsen da Aka Ɗauke: Wani Babi na Tarihin Bishara a Arewacin Amurka

A wannan darasi za mu duba abin da ya faru sa'ad da masu bishara suka iske mutanen da addininsu ke manne da ƙasa, da tuddai, da duwatsu. Mun zaɓi faffaɗan filin ciyawa na Arewacin Amurka, wanda ya miƙa daga jihar Wyoming ta Amurka zuwa lardin Alberta na Kanada, domin an rubuta tarihinsa sosai, kuma nisansa zai taimake mu mu yi hukunci da sanyin zuciya.

A kan tsaunukan Bighorn a Wyoming, a wani tudu mai tsayin kusan mita 2,900, akwai da'irar fararen duwatsu a shimfiɗe a ƙasa. Faɗinta wajen mita 25 ne. A tsakiya akwai tarin duwatsu, daga nan layuka 28 suka fita zuwa baki kamar wayoyin ƙafar keke, sa'an nan akwai waɗansu tari shida a kewaye. Dusar ƙanƙara takan rufe wurin yawancin shekara. Turawa suka sa masa suna da ke nufin da'irar magani. Bature na yau yakan ruɗe da wannan suna, gama shi magani a wurinsa na asibiti ne. Mai jin Hausa kuwa ba ya ruɗewa. Mun san maganin likita, mun kuma san abin da ake nufi in aka ce wane yana da magani. Ma'ana ta biyun ce a nan.

Wane ne ya jera duwatsun? Da wani mai bincike ya tambayi mutanen kabilar Crow a farkon ƙarni na 20, suka ce tun kafin zuwansu wurin yake, aikin mutanen da ba su san ƙarfe ba ne. Wani guntun itace da aka tono a cikin ɗaya daga tarin duwatsun ya nuna shekarar 1760. Amma al'adar ta girmi haka nesa. Yawancin irin waɗannan da'irori suna Alberta, kuma tarin tsakiya na wadda take Majorville ya haura shekara 4,000. A 1974 masanin taurari John Eddy ya nuna cewa in mutum ya tsaya a ɗaya daga tarin Bighorn ya dubi na tsakiya, zai fuskanci inda rana take fitowa a yini mafi tsawo na shekara, wajen 21 ga Yuni. Waɗansu masana sun yarda, waɗansu sun ce dacewa ce kawai. Abin da ba a gardama a kai shi ne mutane sukan hau wurin su yi azumi su kaɗai suna neman wahayi, kuma fasalin da'irar ya yi kama da rumfar Rawar Rana, babban bikin addini na kabilun filin, wadda a wurin Lakota take da sanduna 28.

Ga waɗannan mutane, addu'a tana da wurinta. Ba a ɗaukar tudu a kai shi wani gari. Wannan ne masu bishara da yawa suka gane sarai, suka kuma yi amfani da shi.

A kan wani tudu kusa da rafin Iron Creek a Alberta akwai wani dutsen ƙarfe da ya faɗo daga sama, nauyinsa kilo 145. Cree da Blackfoot, waɗanda suka daɗe suna gāba da juna, dukansu suna girmama shi. Mai wucewa yakan ajiye kyauta a gindinsa, kuma sun gaskata shi ne mai tsaron garkunan ɓauna, dabbar da take abincinsu da suturarsu da ɗakinsu. Wajen 1866 George McDougall, mai bishara na ɗarikar Metodis, ya sa aka ɗauke dutsen aka kai tashar mishan, daga baya aka tura shi kwalejin ɗarikar a Ontario, can gabas. A ganinsa ya kawar da abin tuntuɓe. Dattawa suka ce tun da an taɓa dutsen, yaƙi zai zo, da annoba, ɓauna kuma za ta ƙare.

A 1870 agana ta ratsa ƙasar ta kashe dubbai. A shekarar nan kuma Cree da Blackfoot suka yi wani mummunan yaƙi a bakin kogin Belly. Kafin 1880 ɓauna ta ɓace daga filayen Kanada. Mun san sanadin waɗannan abubuwa: cutar ta bi hanyoyin fatauci, ɓauna kuwa bindiga da cinikin fata ne suka gama da ita, ƙarancinta kuma shi ya ƙara hura wutar yaƙi. Amma mu sa kanmu a matsayin tsohon da ya ji annabcin, sa'an nan ya binne jikokinsa. Me zai ce game da dutsen, me kuma zai ce game da Allahn wanda ya ɗauke shi? Dutsen da McDougall ya so a manta da shi, shi da kansa ya ƙara masa kwarjini.

Kada mu yi saurin mai da McDougall mugu. Ya zauna cikin mutanen nan shekaru, ya yi yaƙi da masu sayar musu da barasa, agana ta 1870 ta kashe masa 'ya'ya mata biyu da wata da ya riƙa, shi kansa ya mutu a filin nan cikin sanyi a 1876. Mutum ne mai himma wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba yana zaton hidima yake yi wa Ubangiji. Wannan ya sa labarinsa ya fi na azzalumi tsoratarwa a gare mu, domin irinmu ne.

Abin da mutum ɗaya ya yi da amalanke, gwamnati ta yi shi da doka. Daga 1869 gwamnatin Shugaba Grant ta fara raba wa ɗarikun ikilisiya kula da keɓaɓɓun yankunan da aka tsare 'yan asalin ƙasar a ciki. A 1883 aka kafa dokar da ta hana Rawar Rana da aikin masu magani. Wanda ya karya, a hana shi rabon abinci ko a kulle shi, a lokacin da ba shi da wani abinci sai na rabon. Kanada ta yi tata dokar a 1895. Aka kwashi yara zuwa makarantun kwana, da yawa a hannun ikilisiyoyi, inda ake horon yaro don ya yi magana da harshen uwarsa. Amurka ta janye hanin a 1934, Kanada a 1951, sai a 1978 majalisar Amurka ta zartar da dokar 'yancin addinin 'yan asalin ƙasar. Duk tsawon wannan lokaci bukukuwan ba su mutu ba, ɓoye su aka yi. Yau wanda ya taka ƙafa zuwa da'irar Bighorn zai ga ƙyallayen addu'a da ƙullin taba a ɗaure a shingen da ya kewaye ta.

To, mai karatu zai ce, ai Maimaitawar Shari'a 12 ta umarci a rurrushe al'amudan Kan'aniyawa. Gaskiya ne, ba kuwa za mu tsallake wannan ba. Amma umarni ne ga Isra'ila a matsayin al'umma mai ƙasa da takobi, a ƙasa guda, a ƙarƙashin alkawari guda. Ikilisiya ba ta gāji takobin ba. Mu lura kuma da su wane ne suke rushewa a sauran labaran. Gidiyon bagaden mahaifinsa ya rushe. Hezekiya macijin tagulla na jama'arsa ya farfashe, abin da Musa da kansa ya yi. A Atina Bulus ya ji zafin gumakan birnin ƙwarai, duk da haka bai taɓa bagade ko ɗaya ba, sai ma ya ɗauki rubutun wani bagade ya fara wa'azi da shi. A Afisa, bisa ga Ayyukan Manzanni 19, masu sihiri da suka ba da gaskiya su ne suka ƙone littattafansu da hannunsu, kuma da gari ya hargitse, magatakardan birnin, wanda ba mai bi ba ne, ya iya shaida cewa abokan Bulus ba su yi wa haikali sata ba. Abin mamaki, abin da Afisawa suke taƙama da shi ma sun ce daga sama ya faɗo. Babu magatakardan Cree da zai iya ba da irin wannan shaida a kan McDougall.

Wannan ba ya nufin dutse ba shi da haɗari. Duwatsu goma sha biyu da Joshuwa ya kafa a Gilgal don tunawa da haye Urdun, bisa ga umarnin Allah aka ɗauko su. Masana da yawa ma suna ganin sunan Gilgal yana nufin da'irar duwatsu. Bayan ƙarnuka Yusha'u da Amos suka tsawata wa masu zuwa Gilgal da Betel yin sujada. Wurin bai canza ba, masu zuwan ne suka canza. Saboda haka ba mu goyon bayan masu cewa a kawo kowane abu na gargajiya cikin sujada ba tare da tantancewa ba. Amma tantancewar aikin 'ya'yan gida ne da suka tuba, waɗanda suka san abin da dutsen yake faɗa wa zuciya. Black Elk na kabilar Lakota, mai magani ne kafin a yi masa baftisma a 1904, ya yi shekaru da yawa yana katikis na Katolika har ya mutu a 1950. Har yanzu ana muhawara a kan abin da ya bari da abin da ya riƙe. Ko ma mene ne, shi ya auna, ba a auna masa ba.

Wata ƙaramar faɗakarwa ga masu bincike a intanet. Da'ira mai launi huɗu da za ku gani, wadda ake cewa tana koyar da halaye da warkar da rai, yawancin bayaninta na kwanan nan ne, littattafan shekarun 1970 da 1980 ne suka yaɗa shi, har Turawa masu neman addinin komawa ga ƙasa suka shiga jera nasu duwatsu suna karɓar kuɗi. A 1993 taron shugabannin Lakota ya fito fili ya la'anci wannan ciniki. A wurinsu wannan ma ɗaukar dutse ne.

Ba sai mun faɗa ba, yawancinmu za a tura mu ƙauyukan da suke da tudu ko kurmin da ba a shiga, kuma wata rana matasan ikilisiya za su zo da gatari da fetur suna neman fasto ya sa musu albarka. A ranar nan tambaya ta fari ita ce: na wane ne wurin, kuma masu shi suna cikin waɗanda suka zo?

Dutsen Iron Creek ya yi kusan shekara ɗari a Ontario. A 1972 aka komo da shi Alberta, aka ajiye shi a gidan kayan tarihi na lardin a Edmonton, inda jikokin masu shi suke zuwa su yi addu'a a gabansa cikin ginin gwamnati. A 2022 gwamnatin Alberta ta sa hannu a kan yarjejeniyar mai da shi kusa da tudun da aka ɗauke shi, bayan shekara fiye da 150.