Tarihin gwanjo da kayan da mai su bai komo ba

Kowa ya san kalmar gwanjo. In an ce riga ta gwanjo ce, ko yaro ya gane wani ya riga ya sa ta. Amma tun farko gwanjo sunan wani irin ciniki ne. A fito da kaya gaban taro, kowa ya yi tayi, wanda ya fi kowa kuɗɗi shi ya saya. Sau da yawa kuwa mai kayan ba ya wurin. Ya ajiye su ya tafi bai komo ba, ko kuwa bashi ya ci su. Tarihin wannan ciniki za mu bi yau.

Tun kafin zuwan Turawa, Tasawa zangon fatake ce. Ayarin Abzinawa yana saukowa da gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi da tufafi. Cikin watan Janairu na shekara ta 1851, wani Bature mai suna Barth ya biyo ayarin gishiri ya sauka Tasawa, daga nan ya wuce Gazawa da Katsina har Kano. Falke in ya iso gari, gidan fatoma yake sauka, wato mai masaukin baƙi. Fatoma ya ba shi wurin kwana, ya samo masa dillali. Abin da bai sayu ba a bar shi cikin shigifa sai baɗi. Ba a rubuta kome. Shaidu da sunan kirki na mai gida, su ne takardar.

To, in falke bai komo ba fa? Hanyar wancan zamani ba ta da tabbas. Ga ƙishirwa, ga ƴan fashi, ga yaƙi tsakanin Maraɗi da Katsina da ya ɗauki shekaru da yawa. Duk da haka fatoma ba shi da ikon taɓa kayan, don amana ce. Sai ya jira, yana aika saƙo ta bakin ayari. In mutuwa ta tabbata, kaya na magada ne. In ba a san kowa nasa ba, magana ta je gaban alƙali ko sarki. Ko abin da aka tsinta bisa hanya, littafin Risala da malamai suke karantarwa a zaure ya sa a yi cigiyarsa shekara guda. Ba mu ce duk fatoma mutumin kirki ba ne. Amma wanda ya ci amanar falke ɗaya, labari zai kai Agadas kafin damina, ba kuwa wanda zai ƙara sauka gidansa.

Turawa suka zo da abu biyu, mangaza da wa'adi. Cikin 1927 aka ɗauke mazaunin kumandan daga Tasawa aka kai Maraɗi. Cinikin gujiya ya haɓaka, manyan kantuna irin su CFAO da SCOA suka kafa mangazu, duwan suka tsare iyaka. Daga nan ajiya ta zama abin biya. Kowace rana da kuɗɗinta, kowane kaya da lambarsa cikin littafi. In wa'adi ya cika ba wanda ya zo da takarda, sai a yi shela, a tara mutane, a sayar. Kalmar kanta daga kudu ta zo mana. Masana harshe sun ce daga Yarabanci aka aro ta. Kada a haɗa ta da Gwanja, ƙasar goro.

Nan ne wata sabuwar sana'a ta tsiro, ta masu jiran ranar gwanjo. Mutum ya sayi kayan da aka kama ko aka manta, ya kai gida ya rarraba, ya sayar ɗai-ɗai ranar kasuwa. Riba tana cikin araha. Hasara kuwa tana cikin abin da ido bai gani ba.

Ƴan bosho sun fi kowa sanin wannan. Tufafin da suke bazawa a kasuwar Mayahi sun yi doguwar tafiya. Mutanen Turai da Amurka suke ba da tufafin da suka gaji da su. Wasu suna cewa duk na matattu ne. Ba haka ba ne, galibin masu su suna nan da ransu. Kamfanoni su tattara, su ware riga daban, wando daban, su matse da inji su ɗaure da waya. Ƙaramar dila takan kai kilo 45 ko 55. Shekaru da yawa dilolin nan ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke sauka. Jirgin ƙasa, wanda hanyarsa ta kai Paraku cikin 1936, ya haura da su, manyan motoci su biyo ta Gaya da Doso da Ƙonni har mangazun Maraɗi. Najeriya ta daɗe da hana shigo da su, shi ya sa wasu dilolin sukan ƙetara ta ɓarauniyar hanya su nufi Katsina da Kano. Cikin 2023 aka rufe iyaka da Benin, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo.

Mai sayen dila ba ya kwance ta sai ya biya. Abin da aka rubuta bisa bayanta kaɗai yake gani. Wata rana ya yanke waya ya tarar da kaya kamar sababbi. Wata rana tsummoki ne, ko rigunan sanyi masu nauyi, ga shi ana tsakiyar bazara. Wani zai ce wannan ai sayen kifi ne a ruwa. Abin mamaki, malaman da sun riga sun duba wannan magana. Risala, wadda aka rubuta a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya fiye da shekara dubu da suka wuce, ta yarda a sayi kayan da ke ƙulle cikin dila, in akwai takarda mai faɗin irinsu da siffarsu. Ashe tun can, mai iya karanta bayan dila ya fi abokinsa gani.

Yanzu bari mu leƙa Amurka, inda abin ya kai maƙura. Can mutane suna da tarkace fiye da yadda gidajensu za su ɗauka. Sai aka gina ɗakuna jeri-jeri masu ƙofar ƙarfe, ana ba da su haya don ajiya kawai. Ɗaya daga cikin manyan kamfanoninsu, Public Storage, an kafa shi a jihar Kalifoniya cikin 1972. Kai za ka sa kwaɗonka, ka riƙe mabuɗinka, ka biya kowane wata. In ka daina biya, a aiko maka takarda. In ka yi shiru, a yi sanarwa, a sa ranar gwanjo.

Ranar nan ana yanke kwaɗo, a ɗaga ƙofa. Masu saye su tsaya bakin ƙofa su leƙa na ƴan mintoci. Ba shiga, ba taɓawa, ba buɗe akwati. Sa'an nan a fara tayi, kuma ɗakin gaba ɗaya ake saye, da mai kyau da shara. Wanda ya ci, a ba shi kwana ɗaya ko biyu ya kwashe kome ya share ɗaki.

Akwai wanda ya dace. Cikin 1989, kusa da birnin New York, wani ya sayi ɗaki bisa kimanin dala 100. Dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Da ya yaye bargunan da ke ciki, sai ga wata mota marar ƙafafu. Ashe ita ce motar da aka yi wani fim na James Bond da ita, mai tafiya ƙarƙashin ruwa. Cikin 2013 aka yi gwanjonta a Landan, ta tashi kusan dala miliyan guda. Irin wannan labari ne ya sa aka fara wani shiri na talabijin mai suna Storage Wars cikin 2010, mutane suka yi ta tururuwa wurin gwanjo, farashi ya hau. Amma yawancin ɗakunan, katifa ce tsohuwa da tukwane da tufafin yara. Ga hotunan aure, ga takardun haihuwa. Mai su ya rasa aiki, ko ciwo ya kwantar da shi, ko yana gidan kaso, ko ya mutu ƴan uwa ba su san da ɗakin ba. Ni kam wannan ɓangaren ya fi tsaya mini a rai bisa ga labarin motar. Dokar Kalifoniya ta ce in an cire bashi da ɗawainiyar gwanjo, abin da ya rage na mai kaya ne, yana da shekara guda ya zo ya karɓa.

Mu nan ƙasar Gulbin Kaba ba mu da irin waɗannan ɗakuna. Gwanjon da ya fi kusa da mu, na bisashe ne. Saniya ko akuya ta ɓata, ko ta shiga gonar wani ba a ga makiyayi ba, sai a kora ta wurin da hukuma take tsare bisashen ɓata. Tana ci tana sha, ana rubuta kuɗɗin kowace rana. In ba wanda ya zo, a sayar da ita gaban taro, mahauta da dillalai suna tayi.

Da yake makiyaya sun sha kuka cewa ana gaggawar sayar musu da dukiya, dokar kiwo ta ƙasar Nijar ta watan Mayu 2010 ta yanke wa'adi. Babbar bisa, kamar saniya ko raƙumi, sai ta yi wata uku a tsare kafin a fara maganar sayarwa. Akuya da tunkiya, kwana 15. Bayan nan ma sai an yi sanarwa tukuna. Wanda bisarsa ta ɓata, ya rubuta ranar da shaidar da ke jikinta, ya kai cigiya wurin mai gari da ma'aikatar magajin gari, ta garinsu da ta maƙwabta. In ya same ta a tsare, ya nemi a nuna masa ranar da aka rubuta shigarta cikin littafi, don daga wannan rana ake fara ƙirga.