Yadda Likitancin Tsofaffi Ya Samu Gurbi a Makarantun Likitoci

Har zuwa farkon ƙarni na 20, galibin makarantun likitanci a Turai da Amurka ba su da darasi na musamman kan lafiyar tsofaffi. Ciwon dattijo akan jingina shi ga shekaru, a ce ai tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani. A Ingila, tsohon da ciwo ya kwantar kuma ba shi da mai jinya akan kai shi gidan gajiyayyu na hukuma, inda likita bai cika leƙawa ba, ɗalibi kuwa ko ƙafa ba ya sawa.

Wani likita a birnin New York, Ignatz Nascher, shi ya fara kiran a ware wa tsofaffi fanninsu kamar yadda aka ware wa yara. Ya raɗa wa fannin suna a 1909, ya wallafa littafi a kansa a 1914, amma bai tara mabiya ba.

Aikin da ya sauya al'amarin ya faro ne a yammacin Landan. A 1935 asibitin West Middlesex ya karɓi ragamar wani tsohon gidan gajiyayyu da ke maƙwabtaka da shi, aka ɗora wa Dakta Marjory Warren alhakin majinyata 714 da aka riga aka fidda rai da warkewarsu. Abin da ta yi ba wani sabon magani ba ne: ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta duba. Sai ga shi da yawansu suna fama da cututtukan da ake iya magancewa, wasu kuma doguwar kwanciya ce ta kashe musu ƙafafu, ba ciwon da ya kawo su ba. Ta tashe su daga gado, ta sa ana motsa musu jiki, musamman masu shanyewar ɓarin jiki, ta gyara haske da fentin ɗakuna, har aka sallami da dama zuwa gida. A rubuce-rubucenta na 1943 da 1946 ta nemi a buɗe sashen tsofaffi a cikin manyan asibitoci, kuma a koyar da ɗaliban likitanci da ma'aikatan jinya a nan. Hujjarta mai ƙarfi ce, domin likitan da bai taɓa ganin tsoho ya miƙe daga jinya ba, ba zai sa ran hakan ba.

A 1947 ita da wasu likitoci suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Ƙungiyar Likitocin Tsofaffi ta Birtaniya. Hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, da aka buɗe a 1948 ta gaji waɗancan gidaje, dole ta nemi ƙwararrun da za su riƙe su. Jami'o'i dai sun yi nawa. Sai a 1965 aka naɗa farfesan fannin na farko a ƙasar, Ferguson Anderson, a Jami'ar Glasgow. Bernard Isaacs kuma ya tattara wa ɗalibai manyan matsaloli huɗu na tsufa: kasa motsi, yawan faɗuwa, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, da ruɗewar tunani. Duk da haka fannin bai yi farin jini ba a wurin matasan likitocin Birtaniya, waɗanda suka fi son tiyata da ciwon zuciya. Likitocin da suka zo daga Indiya da Pakistan ne suka cike gurabe da yawa.

Amurka ta biyo baya: Robert Butler ya kafa sashen likitancin tsofaffi a makarantar Mount Sinai a 1982, aka fara jarrabawar shaidar ƙwarewa a 1988. Wani rahoton Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar a 2008 ya nuna ƙwararrun sun yi kaɗan ƙwarai, ya ba da shawarar a koya wa kowane ma'aikacin lafiya, har da 'yan uwa masu jinya a gida, tushen kula da tsoho. A Najeriya, cibiyar farko ta lafiyar tsofaffi ta buɗe ne a 2012 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, inda ake duba majinyata kuma ake horar da likitoci da ma'aikatan jinya.