Tarihin Gano Alamomin Ƙwayar Ciwon Hanta Nau'in B a Cikin Hantar Ɗan Adam

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi sawun wata tambaya da ta daɗe tana ci wa likitoci tuwo a ƙwarya, watau idan ƙwayar ciwon hanta nau'in B ta zauna wa mutum shekara da shekaru, me take ajiyewa a cikin hantarsa, kuma a wane lungu?

Labarin ya soma ne daga jini. A 1965 Baruch Blumberg na Amurka ya ba da rahoton wani sinadari da ya tarar a jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostareliya, ba tare da ya san yana da alaƙa da hanta ba. Alfred Prince ne ya danganta shi da ciwon a 1968. A 1970 David Dane ya ga ƙwayar kanta a Landan, sa'an nan a 1971 June Almeida ta zuba mata wani sinadari mai kama da sabulu, sai ta buɗe, aka ga ashe kamar gyaɗa take, da ɓawo a waje da ƙwaya a ciki. Kowannensu yana da alamarsa da garkuwar jiki ke shaidawa, wadda masana ke kira antijin. Abin da Blumberg ya gani ɓawon ne, domin cutar takan ƙera ɓawo fanko fiye da bukatarta nesa ba kusa ba, ta watsa shi cikin jini.

Shiga hantar kuwa ya yi sauƙi ne saboda allurar da Menghini ya fito da ita a 1958, wadda ake gutsuro ɗan ƙanƙanen yankin hanta da ita cikin ƙiftawa da bismilla. A 1973 Stephanos Hadziyannis na Girka, da Hans Popper da abokan aikinsu, suka bayyana waɗansu ƙwayoyin hanta masu dishi-dishi kamar gilashin da aka goge da yashi, suka nuna cewa ɓawon cutar ne ya cika su maƙil. Shekara guda bayan haka Shikata na Japan ya gano cewa wani rini mai araha, orsin, yana kama wannan ɓawo. Mu a ganinmu ba a yaba wa wannan aiki yadda ya kamata ba, domin da shi ne ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje ya iya ganin abin da a da sai mai manyan na'urori.

Nan ne aka ci karo da abin mamaki. Hantar da ɓawo ya fi cikawa sau da yawa ta masu ɗauke da cutar ce waɗanda ke yawo garau, ko shawara ba su taɓa yi ba. A 1975 Gudat da Bianchi da abokansu a Basel suka jera abin daki-daki: mai ɗauke da cutar lafiya lau, ɓawo da yawa, ƙwaya kaɗan, wanda aka danne garkuwar jikinsa da magani, ƙwaya ta cika cibiyar ƙwayoyin hantarsa, kumburi kuwa kaɗan, wanda hantarsa ke ci da wuta, alamomin biyu jefi-jefi. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin da Dudley da Fox da Sheila Sherlock suka kawo a 1972, cewa ɓarnar daga yaƙin da garkuwar jiki ke yi da ƙwayoyin hantar da suka kamu take fitowa. Batun ya shafe mu ƙwarai a Afirka ta Yamma, inda akasari tun ana yara ake kamuwa, lokacin da jiki ba ya tayar wa baƙon hankali. Dalili ke nan aka fuskanci jarirai da rigakafi, a Gambiya daga 1986, a Nijeriya kuma daga 2004.

Har ila yau, a cikin wannan leƙen cibiyar ƙwayoyin hanta ne Mario Rizzetto na Turin ya ga wata baƙuwar alama a 1977, ya sa mata suna delta, yana zaton wani ɓangare ne na nau'in B. Gwaji a kan birai ya nuna wata cuta ce dabam, mai aron rigar B ta sa, wadda yau ake kira nau'in D.

Su ma ƙwayoyin nan masu dishi-dishi ba su tsira daga zargi ba. A 1987 Francis Chisari ya samar da ɓeraye masu ƙera babban furotin ɓawon fiye da kima, sai irin waɗannan ƙwayoyi suka bayyana a hantarsu, hantar ta lalace, a 1989 kuma ya ba da rahoton cewa sankara ta biyo baya.