Yadda 'Yan Zangon Akra Suka Fara Tafiyar Kallo

Kakannin mutanen Tudu da Nima da Mamobi ba baƙin hanya ba ne. Tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Gana, ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin saƙi da jar fata, su yi watanni a hanya kafin su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, su sari goro su juya. A kasuwar nan har bayi ake sayarwa, kuma bai dace a ɓoye wannan ba. Madugu ya san kowane kogi da kowane tsauni, amma sani irin na mai kaya: ina mashigi yake, ina jaki zai iya hawa, ina 'yan fashi ke laɓewa. In ya ji ƙugin ruwa na zubowa daga kan dutse, abin da ke zuciyarsa shi ne yadda za a ƙetare kafin goro ya lalace. Ba wanda ke kwance bakin jaka don ya je ya kalli ruwa ya dawo hannu rabbana.

Yau kuwa jikokinsu kan yi karo-karo su ɗauki shatar bas, su tafi kallon magangarar ruwa a Boti ko Wli ko Kintampo, ba saye ba sayarwa. Wannan ɗabi'a ba ta daɗe ba, kuma ba a rana ɗaya ta samu ba.

Sai da fatake suka zama mazauna tukuna. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, cinikin goro ya fara karkata daga Salaga zuwa Kintampo, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwa da malamai, wasu suka nufi Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu bakin teku. Akra ta zama hedikwatar mulkin mallaka a 1877, ga tsofaffin sojojin Hausa, ga mahauta, ga dillalai. Malam Baƙo ɗan Malam Naino ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910, Nima ta tashi a shekarun 1930 a wurin da Malam Amadu Futa ya sauka da shanunsa. Daga nan aka fara samun yaran da aka haifa a lungunan birni, waɗanda ba su taɓa kwana a daji ba. Wanda bai sha wahalar dutse ba shi ne ke marmarin ganinsa.

Su Turawa ciwo ne ya fara kai su kan tsauni. 'Yan mishan na Basel, daga ƙasar Suwizalan, sun sauka Osu a 1828 su huɗu, cikin shekara uku duk suka mutu. Andreas Riis, wanda ya biyo bayansu, ya gudu daga zazzaɓin bakin teku ya hau tsaunin Akwapim ya zauna Akropong a 1835. Gwamnati ta bi sawu, ta gina gidan jinya da hutu na ma'aikatanta a Aburi a 1875, a nan kuma aka buɗe lambun itatuwa a 1890, da wani ma'aikaci da aka turo daga lambun Kew na Landan. Dogayen itatuwan nan da suka yi sahu biyu a ƙofar shiga, inda amare ke ɗaukar hoto yau, gadon wancan zamani ne. A ƙasashensu kuwa tafiyar kallo ta riga ta zama sana'a: Thomas Cook ya kai 'yan yawon buɗe ido duwatsun Suwizalan a 1863, kuma daga 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara sa gado da wurin girki a cikin motar Volkswagen, miji da mata da 'ya'ya su kwana a gindin dutse su farka su ci gaba. Irin wannan mota ba ta yi kasuwa a nan ba, kuma ba tsada kaɗai ta hana ba. Ɗan zango ba ya ganin daɗin tafiyar da ba jama'a.

Abin da ya kai talaka kan dutse shi ne koko. Tun da Tetteh Quarshie ya dasa shi a Mampong ta Akwapim a 1879, manoma suka bazu cikin kurmi, amfanin gona ya buƙaci hanya. Jirgin ƙasa ya haɗa Akra da Kumasi a 1923, zamanin Gwamna Guggisberg, amma lori ce ta shiga inda dogo bai kai ba. Kafintoci na ɗora bodin katako a kan Bedford, a jera benci, a rubuta addu'a ko habaici a goshin mota. 'Yan zango suka shiga harkar gadan-gadan, wasu direbobi, wasu yaran mota, wasu 'yan kamasho, wasu masu gyara. Gadar Adomi da aka buɗe a 1957 ta raba matafiya da jiran fito a kogin Volta, madatsar Akosombo da aka ƙaddamar a 1966 ta zama abin kallo ita kanta, ko da yake tafkinta ya tashi mutum wajen 80,000, ya kuma haɗiye tsohon garin Kete Krachi inda Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya ƙare rayuwarsa. Har gobe tashar Tudu ce ƙofar gabas: Aflao, Ho, Hohoe.

Saura lokaci, domin mai neman na yau ba ya barin rumfarsa haka kawai. Ranar Jamhuriya, 1 ga Yuli, ta faɗo daidai tsakiyar damina, lokacin da magangarar Boti da ke kusa da Koforidua ke cika ta batse, sai ta zama ranar da motoci ke tururuwa can daga ko'ina. Makarantun boko suka saba wa yara da fita ta ilimi. A tsakiyar shekarun 1990, zamanin Shugaba Rawlings, aka mayar da Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah ranakun hutu na ƙasa, abin da ya ba Musulmi nasu lokacin. Majalisun samarin Nima da ake kira bes, da ƙungiyoyin mata masu adashi, da ɗaliban Islamiyya, kowa ya fara shirya tasa fitar bayan Sallah. Sai dai Sallah wata take bi, ba damina ba. In ta faɗo da rani, wanda ya sauka matakala 250 ta Boti zai iya tarar da ruwan ya zama siriri, shi ya sa masu shiri da suka san hanya kan zaɓi Wli, wadda ba ta ƙafewa.

Tafiyar Wli tun kafin asuba take farawa. An kwana ana dafa wake da shinkafa da ganyen dawa, an soya kifi, an cika kula da zoɓo mai sanyi. Buta da tabarma na ƙarƙashin kujera. Kafin direba ya tayar, wani dattijo ko malamin makaranta zai ɗaga hannu a yi addu'ar tafiya, a shafa. Bayan Hohoe, dab da iyakar Togo, mota ke tsayawa, sauran tafiyar kusan minti 45 ce a ƙasa cikin kurmin Agumatsa, ana ƙetare rafi ɗaya sau da yawa a kan ƙananan gadoji. Kafin a ga ruwan ake jin sanyinsa a fuska. Jemagu dubbai na rataye a jikin dutsen, in aka yi ihu su tashi su rufe sama. Masu sauran ƙarfi su wuce Afadjato, dutsen da ake koya wa yara a makaranta cewa shi ne mafi tsayi a Gana. A ganina wannan tsari na zango ya fi na motar kwana albarka, don marayan da ba shi da ko sidi ɗaya yakan samu kujera daga kuɗin jama'a.

Amma yawan jama'a na da nasa nauyi. A watan Maris na 2017 guguwa ta kayar da wata babbar bishiya a kan masu wanka a magangarar Kintampo, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare daga Wenchi. Aka rufe wurin na watanni, aka sare itatuwa masu haɗari, aka gyara matakala, daga baya aka ƙara gadar igiya ta sama. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasa, wadda dokar 2011 ta kafa, ita ke da alhakin duba irin waɗannan wurare, amma mai tara kuɗin bas a Mamobi shi ma amana ce a wuyansa: ya duba motar, ya ƙirga yaran, ya fitar da su daga ruwa da zarar hadari ya haɗo.

Abin da nake so masu kai yara Kintampo su ƙara shi ne sa'a ɗaya a cikin gari. Akwai zango a can, tsoho, wanda ya samo asali daga kasuwar goron da ta bunƙasa bayan 1874, kuma motocinmu kan wuce shi ba tare da an tsaya ko don sallar azahar ba.