Tarihin Ƙamusun Wasan Scrabble

Ƙamusun wasan Scrabble shi ne jerin kalmomin Ingilishi da 'yan wasa suka amince ya zama alƙali a tsakaninsu, ta yadda duk kalmar da aka jera a kan allo ba ta karɓuwa sai in tana cikinsa. Wasan kansa ya samo asali ne a Amurka, inda wani mai zanen gine-gine, Alfred Mosher Butts, wanda ya rasa aikinsa a lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, ya ƙirƙiro shi, ya kuma kammala fasalinsa a 1938. Butts ya ƙididdige yawan fitowar kowane harafi a shafukan jaridu, ciki har da New York Times, kuma da wannan lissafi ya rarraba 'ya'yan wasan guda 100: harafin E ya samu 12 saboda yawan aukuwarsa, Q da Z kuwa aka ba kowannensu ɗaya tak mai maki 10, sannan ya taƙaita S zuwa 4 da gangan domin kada jam'inta suna ya zama hanyar cin maki a ɓagas. A 1948 ne James Brunot ya yi wa wasan rajista da sunan da aka san shi da shi a yau.

A shekarun farko 'yan wasa kan yarda ne da duk ƙamusun da ke gidan, abin da ya wadatar a tsakanin iyali amma ya zama tushen gardama da aka fara shirya gasa, domin kalmar da wannan ƙamus ya ɗauka wancan yana iya barinta. Wannan ya sa a 1978 kamfanin Merriam-Webster ya wallafa ƙamus na musamman domin wasan, wanda aka tattaro daga ƙamusoshin Amurka guda 5, aka kuma fi mayar da hankali a cikinsa kan kalmomi masu haruffa 2 zuwa 8. Tsarinsa ya sha bamban da na ƙamusun makaranta, saboda ma'ana guda ɗaya gajeriya yake bayarwa, kuma sau da yawa yakan zaɓi ma'anar da za ta nuna ɗafe-ɗafen da kalmar ke karɓa, wato haruffan da ake liƙa mata a ƙarshe, ko da kuwa ba ita ce ma'anar da jama'a suka fi sani ba. A Birtaniya kuwa ƙamusun Chambers aka riƙa, wanda ya yi suna wajen adana kalmomin mutanen Sikotilan da tsofaffin rubuce-rubucen marubuta irin su Spenser da Shakespeare, kuma daga cikinsa aka fitar da jerin kalmomin gasa a 1988. Gasar duniya ta farko, wadda aka yi a Landan a 1991, ta tilasta haɗa jerin biyu, kuma tun daga 2007 kamfanin Collins ke wallafa wannan haɗaɗɗen jeri, wanda bugunsa na 2019 ya ƙunshi kalmomi fiye da 279,000.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan tarihi shi ne yadda kalma ta riƙa rabuwa da ma'anarta a hankali. Ƙwararren ɗan wasa yana farawa ne da haddace kalmomi masu haruffa 2, waɗanda sun haura 100, domin su ne ke ba shi damar jera kalma a gefen wata. Daga cikinsu akwai AA, sunan wani nau'in dutsen aman wuta da aka aro daga harshen Hawai, da QI, wadda ta fito daga Sinanci, kuma shigarta jerin Amurka a tsakiyar shekarun 2000 ta rage wa harafin Q nauyin da yake yi wa mai riƙe da shi. Haka nan ake farautar kalmomin aro daga Larabci irin su QADI da FAQIR, saboda ba sa buƙatar U bayan Q. Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, ya kai wannan hanya maƙura a 2015, lokacin da ya lashe gasar duniya ta Faransanci alhali ba ya jin harshen, bayan ya haddace jerin kalmominsa cikin 'yan makonni. Bajinta ce ta gaske, sai dai akwai asara ga ɗalibin da ya ɗauki wannan hanya ita kaɗai, domin kalmar da ba a san ma'anarta ba ba ta amfanar mai ita da zarar an naɗe allo.

Duk da haka ma'ana ba ta taɓa barin fagen gaba ɗaya ba. A 1994 ƙorafin da aka yi kan kalmomin cin zarafin Yahudawa da wasu al'ummomi ya sa aka cire su daga bugu na 3 na ƙamusun Amurka, 'yan gasa kuma suka ƙi amincewa, har aka fitar musu da jerinsu na dabam a 1998 wanda babu bayanin ma'ana a cikinsa. Muhawarar ta sake tasowa a 2020, inda ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta Arewa ta soke kalmomi fiye da 200 na irin wannan nau'i.

Nijeriya, wadda ke bin jerin Collins, ta amince da Scrabble a matsayin wasan gasa tun farkon shekarun 1990, kuma 'yan wasanta sun shahara da fifita gajerun kalmomi da toshe wa abokin karawa hanya. A watan Nuwamba na 2015 Wellington Jighere ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci 4 da nema a birnin Perth na Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambin duniya na Ingilishi.