Daga Agana zuwa Ƙarambau: Tarihin Shawarar Yi wa Iyali Rigakafi

A watan Oktoba na shekarar 1977, a garin Marka da ke gaɓar teku a kudancin Somaliya, zazzaɓi ya kwantar da wani saurayi mai dafa abinci a asibitin garin, sunansa Ali Ma'ow Ma'alin. Da farko aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Da ƙuraje suka feso masa aka ce ƙarambau ne, aka sallame shi. Sai bayan 'yan kwanaki aka gane agana ce, alhali ya riga ya yi cuɗanya da mutane masu yawa. Shi ne mutum na ƙarshe da ya ɗauki agana daga yaɗuwarta a cikin jama'a, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar ƙarewar cutar. Ali ya warke. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa tsoron zafin allura ne ya sa ya zille wa masu yin lamba, kuma ya shiga aikin rigakafin shan inna har rasuwarsa a 2013. Allah Ya jiƙansa.

Kuskuren da aka yi a Marka tsohon kuskure ne. Ƙarnuka masu yawa ana ɗaukar ƙarambau a matsayin ƙaramar agana. Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen 313 bayan Hijira, ya shahara da risalarsa da ta rarrabe agana da ƙyanda, amma sai a 1767 likitan Ingila Wiliyam Hebadin ya yi bayani gamsasshe cewa ƙarambau cuta ce mai zaman kanta. Ƙurajen agana sun fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu, kuma tare suke nuna. Na ƙarambau sun fi taruwa a ƙirji da baya, suna fitowa kashi-kashi, sai a ga sabon ƙurji mai ruwa kusa da wanda ya bushe. Tun da cututtukan biyu sun daɗe a haɗe a tunanin mutane, wanda yake son fahimtar shawarar yi wa iyalinsa rigakafin ƙarambau ba zai rasa amfanuwa da tarihin yadda magabata suka yanke shawara a kan agana ba.

Tun kafin a san allura, al'ummomi da dama sun lura cewa wanda ya yi agana ya tashi ba ya sake yin ta. Sai suka riƙa tsaga fatar mai lafiya, su shafa masa ruwan ƙurjin majinyaci, domin ya yi cutar da sauƙi. Uwargida Meri Montagu, matar jakadan Ingila a Daular Usmaniyya, ta ba da labarin wannan aiki a 1717, ta sa aka yi wa ɗanta a Istambul a 1718, sannan aka yi wa 'yarta a Landan a 1721. A shekarar 1721 ɗin ce annobar agana ta faɗa wa birnin Boston a Amurka, aka gwada hanyar bisa bayanin wani bawa ɗan Afirka da ake kira Onesimus, wanda aka yi masa tun a ƙasarsu. Cikin mutum ɗari biyu da arba'in da wani abu da likita Boilston ya yi wa, shida suka mutu; waɗanda cutar ta kama da kanta kuwa, kusan ɗaya cikin bakwai ne bai tashi ba. 'Yan shekaru bayan haka jakadan Ɗarabulus a Landan, Ƙasim Aga, ya rubuta wa ƙungiyar masanan Ingila cewa wannan al'ada ta tsufa a Ɗarabulus da Tunis da Aljeriya har ba mai tuna farkonta, kuma shi kansa mahaifinsa ya kai shi an yi masa tare da 'yan'uwansa. A lissafinsa, masu mutuwa cikin ɗari da aka yi wa ba su kai biyu ba, cikin ɗari da suka kamu da kansu kuwa wajen talatin ne.

A Sinnar ta ƙasar Sudan mata suna kiran abin "sayen agana": uwa ta je gidan da yaro ya kamu, ta ɗaura ƙyalle a hannunsa, a yi ciniki a kan ƙurajen, sannan ta kwance ta kai ta ɗaura wa nata ɗan. Ƙasar Hausa ma ba a bar ta a baya ba. Baba ta Karo, a labarin rayuwarta da Meri Simit ta rubuta aka buga a 1954, ta tuna yadda a ƙuruciyarta ake karce hannun yaro har jini ya fito, a shafa ruwan ƙurjin mai agana, kuma ba ta ɓoye cewa wasu yaran sukan mutu ba.

A nan ya kamata ɗalibin fiƙihu ya tsaya ya yi nazari. Waɗannan iyaye cuta mai kisa suke sanya wa lafiyayyen ɗansu da hannunsu, suna sane da cewa mai yiwuwa ne ya zama cikin 'yan kaɗan da ba za su tashi ba. Abin da ya halatta musu haka a idonsu shi ne ƙa'idar da malaman usulu suka sani, ta ɗaukar ƙaramar cutarwa domin kauce wa babba. Ba kowa ya yarda ba. Akwai Musulmin da suka ƙi, suna ganin hakan shisshigi ne ga ƙaddara, kamar yadda wasu limaman Kirista suka ƙi a Landan da irin wannan hujja. Sai dai amsar wannan shubuha ta girmi cutar da muke magana a kanta. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar (RA) ya juya daga Sarg bai shiga Sham ba. Da Abu Ubaida (RA) ya nuna masa kamar gudun ƙaddara ne, sai ya fahimtar da shi cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ke zaɓar wa raƙumansa gefen kwari mai ciyawa. Sannan Abdurrahman bin Auf (RA) ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana mutanen garin fita.

Da Edwad Jena ya kawo lambar da ake samu daga ƙurajen shanu a 1796, haɗarin ya ragu ƙwarai, amma turjiya ba ta ƙare ba. Salo ta sauya. A Masar ta zamanin Muhammadu Ali Basha an horar da wanzamai su riƙa yin lamba a ƙauyuka, manoma kuwa suka riƙa ɓoye 'ya'yansu, domin sun zaci tabon alama ce ta waɗanda za a kwasa aikin soja. Mai karatun da ya shaida dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, wanda zafin abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya taimaka wajen rura shi, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi. A wurare biyun nan, abin da aka rasa shi ne amana tsakanin talaka da mai riƙe da allurar, ko da yake da harshen addini aka riƙa bayyana damuwar.

Rigakafin ƙarambau shi ne auta a wannan tarihi. Masanin Japan Michiyaki Takahashi ya ga wahalar da ɗansa ƙarami ya sha da cutar lokacin da suke zaune a Amurka, ya koma gida ya duƙufa, a 1974 ya fitar da rigakafi daga ƙwayar cutar da aka raunana. Amurka ta amince da shi a 1995. Kafin nan ƙasar tana samun masu kamuwa kimanin miliyan huɗu a shekara, sama da dubu goma ana kwantar da su a asibiti, ɗari zuwa ɗari da hamsin suna mutuwa. A 2006 aka mayar da shi allura biyu, domin an ga guda ɗaya ba ta hana ɓarkewar cutar a makarantu.

Idan aka ɗora waɗannan alƙaluma a kan na Ƙasim Aga za a ga tazarar. Ƙarambau ba agana ba ne. Mafi yawan yara sukan yi zazzaɓi da ƙaiƙayi na mako guda su miƙe. Shi ya sa ƙasashe masu ilmi iri ɗaya suka saɓa. Birtaniya ta yi kusan shekara talatin ba ta sa shi cikin rigakafin dukan yara ba, sai dai ta ba ma'aikatan asibiti da masu zama da marasa garkuwar jiki. Dalilinta na farko ya samo asali daga wata siffa ta cutar: ƙwayarta ba ta barin jiki bayan an warke, takan laɓe a jijiyoyi, bayan shekaru ta farka ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a ɓangare ɗaya na jiki. A 1965 likita Hof-Simson ya kawo ra'ayin cewa cuɗanya da yara masu ƙarambau tana sabunta garkuwar manya, sai aka ji tsoron kada kawar da cutar a yara ya ƙara wa dattawa wancan ciwo. Bayan nazarin abin da aka gani a Amurka tsawon shekaru, kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara ya sauya matsayinsa a Nuwamban 2023.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi shafar mu. Ƙarambau ya fi tsanani ga babba, yakan sauka a huhu. Idan aka yi wa rabin yara rigakafi aka bar rabi, cutar ba za ta ƙare ba, amma yawonta zai ragu, sai waɗanda aka bari su girma ba su yi ta ba, ta same su suna magidanta ko masu juna biyu. Ƙasar Girka ta ɗanɗana irin wannan da wata cuta daban, rubela, inda rigakafi na jefi-jefi ya tura cutar zuwa ga 'yan mata da suka isa haihuwa, aka haifi jarirai da nakasa bayan annobar 1993. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2014 duk ƙasar da za ta sa rigakafin ƙarambau cikin tsarinta ta tabbata za ta iya kaiwa kashi 80 cikin ɗari na yara, ta kuma ɗore a kai. Nijeriya ba ta sa shi cikin rigakafin yara na gwamnati ba. Mai so sai ya saya. Ga kuma wani abin lura: a ƙasashe masu zafi an ga cewa mutane sukan kamu da ƙarambau a makare fiye da ƙasashen sanyi, wato manyan da ba su taɓa yin sa ba sun fi yawa.

To, wannan ya juya tambayar. Uba yakan zo wa malami yana tambayar hukuncin yi wa ɗansa allurar, alhali mai yiwuwa wanda ya fi bukatarta shi ne shi kansa ko matarsa. Mace da ta kamu a rabin farko na goyon ciki, akwai ɗan haɗarin ɗan tayi ya samu nakasa, abin da yakan kai kusan biyu cikin ɗari a makonni na 13 zuwa 20. Idan kuwa ƙurajen suka fito mata daga kwana biyar kafin haihuwa zuwa kwana biyu bayanta, jaririn yana cikin babban haɗari. Da yake rigakafin rayayyar ƙwaya ce da aka raunana, ba a yi wa mai ciki ko mai raunin garkuwa sosai, kuma ana so mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata guda bayan allurar. Kariyar irin waɗannan tana hannun mutanen gidansu. Mai cutar kuma yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurji ya bayyana, don haka keɓe yaro bayan ya feso sau da yawa ihu ne bayan hari.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa gwargwadon hali: yakan wajaba idan barinsa zai kai ga halaka ko nakasa, ko kuwa cutar mai tsallakawa ce zuwa ga wasu, yakan zama mustahabbi ko halal kawai idan abin bai kai nan ba. Shaihu Ibnu Baz ya halatta rigakafi tun kafin saukar cuta, yana kafa hujja da hadisin dabinon ajwa. A ganina, idan aka bi wannan ma'auni, ba daidai ba ne a ba kowane gida fatawa iri ɗaya. Gidan da kowane babba ya riga ya yi ƙarambau, yara kuma lafiyayyu, allurar alheri ce da mai hali zai yi, ba za a zargi wanda kuɗinsa bai kai ba, musamman idan sayenta zai tauye abinci ko wani magani da ya fi ta gaggawa. Gidan da ke da amaryar da ba ta taɓa yin cutar ba, ko yaro mai shan maganin sankarar jini, lamarin ya matsa kusa da wajibi ga waɗanda ke kewaye da su. Abin da ba ni ganin yana da sauran hujja shi ne kai lafiyayyen yaro wurin mai ƙarambau da gangan don "ya yi ya huta", kamar yadda wasu iyaye suke yi a Amurka da Turai. Matan Sinnar sun sayi agana ne domin ba su da wata hanya, kuma Baba ta Karo da kanta ta fifita sabuwar lamba a kan tsohuwar tsaga.

Sauran batun da malamai sukan tsaya a kai shi ne abin da aka haɗa allurar da shi. Wasu nau'o'inta, kamar Varivax, suna ɗauke da jelatin da aka samo daga alade domin adana ƙwayar. Taron da Ƙungiyar Musulunci ta Ilmin Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa jelatin ya rikiɗa daga asalinsa ya zama abu mai tsarki, bisa ƙa'idar istihala da Malikawa da Hanafawa suka sani a mas'alar giyar da ta koma khallu. Wasu malaman ba su gamsu cewa rikiɗar ta cika ba, suka halatta irin wannan da sharaɗin lalura kaɗai, kamar yadda Majalisar Malaman Indunisiya ta yi a 2018 game da rigakafin ƙyanda da rubela. Ga mai bin wannan ra'ayi na biyu, kafa hujja da lalura a kan ƙarambau a jikin lafiyayyen yaro yana da rauni, kuma gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Amma saɓanin yana da mafita ta zahiri, domin akwai nau'in da ba a sa masa jelatin ba, kamar Varilrix, kuma kowane kwali yana zuwa da takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Wanda aka zo wa da tambaya sai ya nemi a kawo masa takardar, ya kuma tambayi wane ne a gidan bai taɓa yin ƙarambau ba, kafin ya buɗe baki.